Wayar da Na Haɗa da Hannuna

Ku ukun nan, Sani da Habiba da Ummi, kun tashi da labari ɗaya game da rasuwar mahaifiyarku Hajara, kuma ni na bar ku da shi. Labarin shi ne Baffanku Isyaku, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, ya ɗauke ta a mota zai kai ta asibiti a Ɗambatta, ya manta jarkar ruwa a gida, mota ta mutu a hanya, ita ma ta cika a bayan motar. Saboda wannan labarin ne har kuka girma babu wanda ya taɓa taka gidansa a cikinku. Duk abin da ke cikin labarin ya faru. Amma daga tsakiya aka fara muku shi. Ni zan fara daga farko, in bi shi daki-daki, don ban iya ba da labari ta wata hanya ba, kuma ba na so ƙasa ta rufe mini ido Isyaku yana ɗauke da kayan da ba nasa ba.

Na farko, motar. Bayan rasuwar Baba ni na riƙe gandu, da ni da Isyaku da mahaifiyarmu Inna da iyalanmu a gida ɗaya. Shekarar da gyaɗa ta yi kyau muka sayi wata tsohuwar a-kori-kura fara, wadda ta sha hannu kafin ta zo gare mu. Kafin ciwon Baba ya dawo da ni gida na yi shekaru a wani gareji a Kano ina koyon wayarin mota, saboda haka muka raba aiki: Isyaku ya tuƙa, ni in gyara. A lokacin babu wayar hannu a wajenmu, kuma babu wata mota a ƙauyenmu da ƙauyuka biyu na kusa. Ita ke kai gero da dawa kasuwa, ita ke kai taki gona, ita ke kai amarya, ita ke kai mara lafiya. Duk wanda dare ko rana ta ɓace masa, ƙofar gidanmu yake bugawa.

Na biyu, dole ku san yadda wutar irin wannan motar take, don motocinku na yanzu ba haka suke ba, kuma in ba ku gane wannan ba, ba za ku gane laifina ba. Wutar batir ba ta isa ta kunna fetur ba. Akwai kwayil, wani ƙarfe kamar dogon gwangwani da mai a cikinsa, shi ke karɓar 'yar wutar batir ya mai da ita tartsatsi mai ƙarfi ya aika wa filogi. Akwai kuma kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa kamar bakin tsuntsu, su ke sa kwayil ya saki wutar a kan lokaci. To kwayil iri biyu ne, ido ba ya raba su sai an ɗora mita. Wani in ka auna ya nuna uku. Wannan yana tare wuta da kansa, ko ka ba shi ta batir gaba ɗaya ba ta dame shi ba. Wani kuma ya nuna ɗaya da rabi. Shi ba ya iya tare wuta, sai an sa masa mai gadi a gaba, wani ɗan farin tangaran kamar guntun sabulu da ake ce wa rizisto, ya rage wutar kafin ta shiga. In babu mai gadin, wuta ta yi masa yawa, ya ɗau zafi har ba ya taɓuwa, tartsatsi ya raunana, mota ta mutu. Ka bar shi ya huce, ta tashi kamar ba ita ba. Kwantak kuma yana nan yana ƙonewa a hankali. Namu mai ɗaya da rabi ne. Na sani, don ni na auna shi ranar da muka sayi motar.

Na uku, ranar da abin ya fashe. Da bazara ne, muna kai taki. Motar ta tsaya a bakin gona da lodi a bayanta. Na buɗe bonet na bi waya, na iske riziston ya tsage gida biyu. Na ciro guntun waya daga aljihu, na haɗa wannan baki da wancan, na tsallake shi. Isyaku ya murɗa makulli, ta tashi bugu ɗaya. Masu sharar gona da suka taru suka yi ta yaba mini, wani har yana cewa ilimin birni bai faɗi ƙasa banza ba. Isyaku ya ɗauki fasasshen tangaran ɗin yana juyawa.

"Yaya, ka cire abu kuma ta fi tashi da sauri? To me yake yi a ciki tun da?"

"Yana da aikinsa. Wannan na kwana biyu ne, kafin in shiga birni."

"Ni dai ban ga aikin da yake yi ba. Irin su Malam Na-Allah na garinmu ne a wurin gayya, ana ganinsa amma ba a ganin kuyyarsa."

Aka yi dariya. Ban ƙara masa bayani ba. Ni ba mutum ba ne mai yi wa na ƙasa da ni bayani, kun fi kowa sani. Ranar kasuwa na tambaya wurin mai kayan gyara a Ɗambatta, ya ce ba shi da rizisto, ba shi da kwayil mai uku, sai Kano. Tafiyar wuni ɗaya ce. Ba rashi ne ya hana ni ba, ba ciwo ba ne. Na riga na jera ayyukan shekarar a kaina: a gama taki, a gyara jinkar rumbu, a yi shuka in ruwa ya sauka, sannan Kano. Tun ina yaro ban taɓa barin aiki na huɗu ya shiga gaban na biyu ba, kuma har alfahari nake yi da wannan halin.

Cikin kwana uku motar ta fara abin da na san za ta yi. Sai na koya wa Isyaku dabarar da direbobin ƙauye suka daɗe suna yi: a naɗe kwayil da tsumma, a jiƙa shi sharkaf, a ajiye jarkar ruwa a bayan kujera, in an yi 'yar tafiya a tsaya a ƙara jiƙawa. Ba a wurinmu aka fara ba. A tashar Ɗambatta in ka ga direba ya buɗe bonet yana tsiyaya ruwa daga buta, ba ka tambaya, ka san abin da yake yi. Sharrin dabarar shi ne tana aiki. Motar ta ci gaba da zuwa kasuwa tana dawowa, har mutanen gari suka saba, fasinja da kansa yakan ce, direba tsaya ka ba ta ruwa. Ni kaɗai nake buɗe murfin kwantak duk Juma'a da safe in goge shi da sanfefa. Ni kaɗai nake ganin bakinsa ya yi shuɗi, ya yi ramuka, kowane mako ya fi na baya. Na san abin da nake gani. In goge, in rufe, in tafi masallaci.

Mahaifiyarku tana da tsohon ciki a lokacin, cikinki ke nan Ummi. 'Yar wan Inna ce, Inna ce ta zaɓa mini ita, kuma ta fi sonta a kan mu da ta haifa. Tsakaninta da Isyaku wasan ƙanen miji ne, ba sa haɗuwa a tsakar gida ba su taɓa juna ba. Wata safiya ya shigo cika jarka a randa, tana zaune tana tsince wake, ni ina ɗaura wa fartanya ƙota.

"Direba, yau ma mara lafiyar taka ciwon kan ne? Kullum tsumma a goshi."

"Matar Yaya, ki bar ta. Ke mutum ɗaya kike ɗauke da shi kina nishi, ita buhu goma sha biyar take ɗauka ba ta kai ƙara wurin Inna ba."

"To ka haƙa mata rijiyarta, ka bar mini randata. Na ga ranar da za ka fara dama mata kunu."

Ya fita yana dariya. Sai ta juyo gare ni, ta rage murya.

"Malam, in ranar ta zo da gardama, a wannan za a kai ni?"

"Haihuwa biyu kin yi a ɗakinki lafiya."

"Na dai tambaya."

"Bayan shuka zan shiga birni."

"Allah ya kai mu," in ji ta, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Ruwa ya sauka, muka yi shuka. Sai ya ɗauke kwana goma sha wani abu, rana ta ƙone tsiron gonarmu ta nesa. Da aka sake samun yayyafi na ce a sake shuka ta. Na lissafa wannan a cikin shuka, ba sabon aiki ba, saboda haka Kano tana nan a bayansa. Ina can gonar, tafiyar awa guda a ƙafa, ranar da aka haife ki, Ummi.

Abin da ya faru a gida, daga bakin ungozoma da Inna na ji. Da hantsi ta haihu, kika yi kuka, aka yi hamdala. Sai jini ya ƙi tsayawa. Ungozoma ta yi abin da ta sani, ta ce a nemi mota. Isyaku shigowarsa ke nan daga kai kaya wani ƙauye, motar da zafinta, ya cika jarka ya ajiye a bakin randa zai sha fura. Da ya ji ihun mata ya yar da ludayi, ya shimfiɗa katifa a bayan mota, shi da matarsa suka ɗauko ta, Inna da ungozoma suka hau, ya ja. Wani maƙwabcinmu ya zo mini gona a keke. Da na shiga gida abin da na fara gani ita ce jarkar, cike, a tsaye a bakin randa. Na ɗaure ta a bayan keken na bi sawun taya.

Na same su kafin a hau kwalta, a wani fili da babu inuwa, rana tsaka. Bonet a buɗe. Motar ta mutu tun a baya, Isyaku ya ruga wani gida a cikin gonaki ya roƙo ruwa a tulu, ya tuɓe rigarsa ya jiƙa ya naɗe kwayil da hannunsa, ta tashi, ta yi 'yar tafiya, ta sake mutuwa a nan. Daga nan duk ruwan da ya zuba ba ta ƙara tari ba. Yana tsaye babu riga, tafin hannunsa ya tashi saboda ƙunar kwayil, yana ta murɗa makulli har batir ya gaji. Inna tana zaune a baya, kan Hajara a cinyarta, ta riga ta ja mata mayafi. Katifar ba ta kalluwa. Inna ba ta faɗin sunana, ni ɗan fari ne.

"Babba, sauke ruwanka," in ji ta. "Ba mai sha."

A amalanken shanu muka mai da ita gida. Bayan la'asar aka yi mata sutura.

Washegari da safe na koma wurin motar ni kaɗai. Na buɗe murfin kwantak. Bakinsa ya narke, ƙarafan biyu sun manne da juna kamar an yi musu walda. Ku karanta wannan da kyau. Tsayawar farko zafin kwayil ne, ruwa yana maganinta. Tsayawa ta biyu kwantak ne, kuma ko kogi aka juye a kan motar ba za ta tashi ba. Wutar da na sake masa wata biyu ce ta cinye shi. Da jarka da babu jarka, motar nan ba za ta kai Ɗambatta ba. Da rizisto a wurinsa kuwa, da babu abin da zai tsayar da ita tun farko. Na raba ƙarafan da wuƙa, na goge, na tura ta a gangara ta tashi, na kawo ta gida. Babu wanda ya ga abin da na gani.

Ranar sadakar uku, bayan an watse, muka rage a zaure ni da Isyaku da Kawu Garba, mahaifin Hajara. Dattijo ne mai karantar da yara, ba ya ɗaga murya. Na san Inna tana bayan bango tana ji.

"Kai ne ka san ƙarfe," in ji Kawu. "Ba jayayya nake yi da hukuncin Allah ba. So nake in ji daga bakinka, zuciyata ta huta da tambaya. Da yaron nan ya ɗauki ruwan, da ta kai asibiti?"

Na sha gaya wa kaina cewa don ku na yi, don kada ku tashi kuna kallon ubanku da wannan. Na sha cewa gida ba ya tsayawa in an raina babbansa. Duk daga baya na ƙera waɗannan. A zauren nan tsoro ne kawai. Mutumin ya ba ni 'yarsa, yana kallona, kuma ga amsa an riga an shimfiɗa mini, sai dai in taka.

"Da ta kai, Kawu," na ce.

Isyaku yana zaune a bakin ƙofa, hannunsa a naɗe da ƙyalle. Ya ɗago ya dube ni, ya mai da kansa ƙasa.

"Laifina ne," in ji shi. "Na gan ta da zan fita. Na ce ba lokaci."

"Kwananta ne ya ƙare," in ji Kawu. "Ni na yafe maka. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Maza suka yafe da baki. Inna ba ta yafe ba. Ba ta yi masa baki ba, ba ta zage shi ba, sau ɗaya kawai ta yi maganar, da ya durƙusa gaishe ta a ƙofar ɗakinta.

"Jarka ɗaya, Isyaku. Yaron goye ma ya san motar nan ba ta tafiya sai da ruwa. Yayanka ya gaya maka, ya sake gaya maka."

Daga ranar ta daina kiran sunansa. In matarsa ta yi girki, sai ta ce ta ƙoshi. Ita ta goya ki, Ummi, ita ta riƙe ku duka, kuma daga bakinta kuka sha labarin tare da kokon safe. A gari aka sa masa suna Mai-jarka. Ba a faɗa a gabansa, amma yara suna faɗa. Masu mara lafiya suka koma neman amalanke, suna cewa gara a makara da a shiga motar Isyaku. Bayan an yi girbi ya ce a raba gandu. Ban hana ba. Na sa motar a rabonsa don ba na son ganinta, mutane kuma suka ce dubi kirkin Babba. Ya kwashe iyalinsa ya koma wajen Gezawa, garin su matarsa. Ni kuma ban sake taɓa wayar mota ba, aka ce baƙin ciki ne.

Duk Salla yana zuwa. Ya durƙusa a ƙofar Inna, ta amsa da kalma ɗaya fuskarta a bango, ya ajiye mata goro da atamfa, ya fito ya zauna da ni a zaure mu yi maganar damina. Ni kuma ina da lokacin da na sa zan faɗi gaskiya. Na ce bayan arba'in. Na ce in an yaye Ummi. Na ce in Sani ya yi aure hankali ya kwanta. Da Inna ta kwanta ciwon ajali na ce ba a ɗora wa mara lafiya irin wannan, sai ta ji sauƙi. Ba ta ji sauƙi ba. Isyaku ya zo ya kwana uku a ƙofar ɗakinta, ba ta ce a shigo da shi ba.

Bara, bayan likita ya gaya mini abin da ke cikina, na hau mota na tafi Gezawa. Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma yana kaɗa igiya. Ya tsufa fiye da ni, ido ɗaya ya yi fari, ya daɗe da barin tuƙi. Bayan gaisuwa na gaya masa komai kamar yadda na rubuta muku, daga mita har wuƙa. Bai katse ni ba, bai daina kaɗa igiyarsa ba.

"Na sani, Yaya," in ji shi.

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar da na taso. Na kai ta Kano zan sayar. Mai saye ya zo da makanikensa, ya buɗe bonet, ya warware tsumman, ya ce wane jaki ne ya haɗa wannan wayar. Ya zaunar da ni ya karanta mini kamar ɗan makaranta. Ya ce motar nan ko a cikin tafki ake tuƙa ta sai ta ƙone kwantak."

"Me ka ce masa?"

"Na ce ni ne jakin. Me zan ce? In ce Yayana ne?"

"Me ya sa ba ka dawo ka faɗa ba?"

"Wa zai yarda? Kai ne ka san ƙarfe, ni direba ne da ya manta ruwa. Kuma yaran sun rasa uwa, in zo in karɓe musu uba? Na ce kai za ka faɗa. Duk Salla in muna zaune a zaure sai in ga kamar yau ne. Sai ka ce, ya ruwa a wajenku."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun tuni, don ba ya son ya tashi da ni a gaban Allah. Sai ya ajiye igiyar a karon farko, ya juyo da idonsa mai gani.

"Abu ɗaya zan tambaye ka. Kwanan nan uku da nake ƙofar ɗakinta, kai kana ciki. Ka gaya wa Inna?"

"A'a."

Ya sake ɗaukar igiyarsa.

"To ai shi ke nan," in ji shi. "Wadda nake so ta ji ba ta nan."

Ya sa aka kawo abinci, muka ci a kwano ɗaya. Da la'asar ya ɗauki sandarsa ya raka ni bakin titi, ya tsaya har mota ta zo. Na shiga na zauna. Ya leƙo ta taga.

"Ka gaida yara," in ji shi, "in za su amsa."